Rasuwar Mai Sarewa, Gem ɗin Armaya'u da Bulus

Da zuciya mai nauyi, wadda baƙin ciki ya cika ta har baki, muke sanar da 'yan'uwa da abokan arziki na Batsari da Safana, da mutanen Yasore a duk inda gudun hijira ya jefa su, rasuwar Mai Sarewa, 'yar na'urar gem ta hannu wadda ta yi zamanta na ƙarshe a ɗakin Armaya'u mai kurar ruwa, bayan tashar motar Batsari. Ta cika ranar Talata da hantsi, a tafin hannun mai ita, bayan doguwar jinya. Wanda zai yi dariya ya yi tasa tun yanzu ya gama. Mu maƙwabtan Armaya'u mun riga mun yi tamu tuntuni, kuma daga baya mun ji kunyarta.

Marigayiya ba 'yar ƙasar nan ba ce. Ba wanda ya san garin da aka haife ta, domin rubutun da ke bayanta ko malaman boko sun duba sun girgiza kai. An dai same ta a shimfiɗar wani mai kayan gwanjo a kasuwar Batsari, tsakanin tsofaffin tocila da rediyo marar eriya, tun zamanin da mutum kan taso daga ƙauye ya ci kasuwa ya koma gida bai waiwaya ba. Samari biyu 'yan Yasore ne suka ɗauko ta, Armaya'u da Bulus ɗan gidan Ɗanjummai, waɗanda dangar kara ɗaya ce ta raba gidajensu. Ɗaya masallaci yake zuwa, ɗaya coci, amma ƙwadagon roron gyaɗa a Karare tare suka yi shi a kakar shekarar, kuma guminsu suka haɗa suka fanso ta. Saboda haka ba ta taɓa zama ta mutum ɗaya ba. Suka kafa mata doka: mako a gidan wannan, mako a gidan wancan, musaya ranar kasuwa. In kuwa suna tare a gindin tsamiyar bayan gari, duk wanda ya mutu a wasa ya miƙa wa ɗan'uwansa, ba gardama.

Shaidar da za mu bayar a kanta ta alheri ce. Ba ta taɓa neman data ba, ba ta taɓa cewa babu sabis ba, ba ta taɓa tambayar ko an kawo wuta ba. Ƙananan batura biyu ne abincinta, kuma tana godewa. Ta faɗi daga kan amalanke ta tashi. Ta kwana a buhun gero ta fito tana aiki. Wasa ɗaya ne tak a cikinta, wani ɗan mutum a kwalekwale yana haura kogi, yana kauce wa kututture da kadoji. Hoton kam ba abin a zo a gani ba ne, ɗan mutumin bai fi ƙwayar wake ba. Muryarta ce ta jawo mata suna.

Da an kunna ta sai ta yi gyaran murya, ƙit, sannan ta saki kiɗan zangon farko: tirin-tin-tin, tararan-tan, tirin-tin. Kiɗa ne mai sanyi, kamar sarewar makiyayi yana koro shanu gida. Zango na biyu na duwatsu ne, kuma kiɗansa ba ya wasa: dagadan-dagadan-dan, yana ƙara sauri duk sanda ruwa ya matse, har mutum ya ji shi a maƙogwaro. In kwalekwale ya kife sai ta ce wiiiw, bum, ta biyo da wani ɗan gajeren sauti mai saukowa, na jaje. Marigayiya ba ta taɓa kayar da mutum ta bar shi ba ta ce masa sannu ba.

Mutane kan tambaya me ya sa irin wannan kiɗa ba ya barin kai, alhali ba waƙa ba ce, ba baiti, ba mawaƙi. Masu ilimi sa faɗi nasu dalilin. Mu dai abin da muka lura shi ne, waƙar rediyo kana jinta ne a zaune, hankalinka kwance, ta shiga nan ta fita can. Kiɗan gem kuwa kana jinsa hannunka na aiki, gabanka na faɗuwa, kuma duk sanda ka mutu sai ya koma tushe ya sake farawa, ya sake, ya kuma sakewa, har ya bar kunne ya sauka cikin yatsu. Sannan ba ya shiga shi kaɗai. Yana shiga da duk abin da ke wurin, da inuwar tsamiya, da ƙamshin gyaɗar da aka gasa a toka, da nauyin kafaɗar wanda ke jingine da kai yana jira ka mutu ya karɓa. Har gobe in ka ga Armaya'u yana tura kura a titin kasuwa, lura da takunsa, da kiɗan zangon farko yake tafiya, shi kansa bai sani ba.

Akwai zango na uku, kuma nan ciwon yake. In an tsallake duwatsu sai kogin ya buɗe, ruwan sama ya fara sauka a fuskar na'urar, kiɗa ya canza ya koma wani abu dabam, a hankali, mai zaƙi, wanda Armaya'u ya ce tunda yake bai taɓa jin abin da ya kai shi ba. Sai dai bai taɓa kai kansa wurin ba. Allah bai ba shi yatsun wasa ba. Da ya isa tsakiyar duwatsu sai hannunsa ya ɗau rawa, ya kife. Bulus ya kwashe da dariya ya ce, "Miƙo ta nan, Armaya'u. Wanga babban yatsa naka na garma ne, ba na gem ba." Ya karɓa, ya ratsa duwatsun kamar hanyar gonarsu, ya kai zangon ruwan sama. A nan sai ya daina tuƙi da gangan, ya bar kwalekwale yana shawagi, ya ɗora na'urar a kunnen abokinsa. Duk sauraron da Armaya'u ya yi wa kiɗan nan a duniya, hannun Bulus ne ya kai shi.

Ba sai mun maimaita wa mutanen yankin nan abin da ya sami ƙauyukanmu ba. Ranar da unguwarsu ta watse, bayan 'yan bindiga sun kore shanu sun aiko cewa za su dawo, makon Armaya'u ne, kuma marigayiya na aljihunsa. Iyalan Ɗanjummai suka sami wuri a bayan wata a-kori-kura mai zuwa Safana. Armaya'u ya bi motar da gudu, ya ciro na'urar yana miƙawa. Bulus na zaune kan ƙullin kaya, ya ɗaga murya ya ce, "Mi kake yi haka? Makonka ne. Riƙe ta, sai ranar kasuwa."

Kasuwa ta ci ta watse ba adadi tun ranar. An ce an ga su a Safana, an ce sun zarce Runka, wani ya ce a'a, kudu suka yi gaba ɗaya. Lambar wayar Bulus ta daina shiga. Mahaifiyar Armaya'u na wurin 'yan'uwanta, ƙannensa kowa ya kama gabansa, shi kuma ya sami ɗakin nan da kurar haya, yana sayar wa mutanen gari ruwa. Ba shi da abokin hira. Mun sha kiransa majalisa, ya zo ya zauna a gefen benci, ya amsa gaisuwa, ya tashi. Duk ranar kasuwa yakan sa marigayiya a aljihu ya tsaya bakin tasha yana duba masu sauka daga motocin Safana. In ya dawo sai ya zauna a ƙofar ɗaki, ya kunna ta, ya shiga duwatsu. Mu daga cikin gida muna jin dagadan-dagadan-dan, sai wiiiw, bum. Shiru kaɗan, a sake farawa. Abu ɗaya yake nema, ya ji kiɗan ruwan saman nan ko sau ɗaya, domin ya fara ji yana zame masa daga kai, kuma tsoron hakan ya fi masa yunwa ciwo.

Rashin lafiyarta ya samo asali ne daga tsadar rayuwa, wadda ba ta bar mutum ba balle batir. Da sabon batir ya gagara, Armaya'u ya koma dabarar da kowa ya sani a ƙauye. In batir ya mutu a shanya shi kan kwanon rufi ya sha rana, in ya sake mutuwa a ɗan cije shi da haƙori ya lotse, sai ya farfaɗo ya ƙara tafiya. Dabarar tana yi, mu ma da ita muka raya tocilanmu. Sai dai tocila ba ta da hanji. Wani batir da ya sha cizo fiye da kima ya fashe a cikinta, ruwansa ya malala, ya bar wani farin gari kamar kanwa.

Muryarta ta fara shaƙewa. Tirin-tin-tin ya koma ɗirr-ɗirr-ɗirr, kamar mai mura. Aka garzaya da ita wurin Jafaru mai gyaran rediyo, ya buɗe ta, ya busa, ya goge da tsinke da auduga, ya daɗe yana dubawa, sannan ya ce, "Armaya'u, sai haƙuri. Ruwan batir ya ci wurin da murya ke hita. Ko na sa mata wata lasifika, abin da ke aiko kiɗan ne ya tahi." Ta dawo gida tana ɗan gunaguni, washegari ta yi shiru gaba ɗaya. Fuskarta dai tana haske, ɗan mutumin na nan yana tuƙi.

Ranar Talatar da ta cika, famfon da yake ɗiban ruwa bai kawo ba, don haka bai fita aiki ba. Ya zauna a ƙofar ɗaki ya kunna ta don sabo, ba don yana sa rai da komai ba. Ya wuce zangon farko cikin shiru. Ya shiga duwatsu cikin shiru. Babu dagadan-dagadan da zai tsinka masa zuciya, hannunsa bai yi rawa ba, ya kauce wa na dama, ya kauce wa na hagu, bai ankara ba sai ya ga kogi ya buɗe. Ashe duk shekarun nan kiɗan ne ke kayar da shi. Ruwan sama ya fara sauka a fuskar na'urar. Ya daina tuƙi, ya ɗaga ta ya manna a kunne, ya danne har ta yi masa shaida a kunci. Ba ta ce komai ba. Yana riƙe da ita a haka hasken ya dushe. Mun ga ƙato mai tura jarkoki cike da ruwa yana kuka kamar an aiko masa da rasuwar uwa.

Marigayiya ta rasu ta bar Armaya'u, mai rabinta. Ta bar Bulus ɗan Ɗanjummai, mai ɗaya rabin, wanda har yanzu bai san abin da ya faru ba. Ta bar murfin bayanta da aka daɗe ana ɗaure shi da robar taya, da tarin batura masu tabon haƙori a cikin gwangwanin madara. Ta bar kiɗan zangon farko a bakin maƙwabta, domin matan gidanmu da shi suke daka yanzu, ba su san daga inda suka kwaso shi ba. Ta kuma bar wani abu da Armaya'u ya fara fitowa da shi da fito tun ranar Laraba, a hankali, yana tsayawa yana komawa baya. Ya ce yana jin shi ne kiɗan ruwan saman. Ya ce yana jin dai, bai tabbata ba.

Game da jana'iza, an so a kai ta Yasore a binne a gindin tsamiyar, amma hanya ba ta ba da dama ba. Za a naɗe ta a sabon ƙyalle a binne a gindin bishiyar bedin da ke bayan tasha, ranar Juma'a bayan la'asar. Malam Labaran, limamin unguwarmu, ya yanke hukunci cewa ba a yi wa roba salla, kuma mun bi. Amma ya ce zai zo ya tsaya, domin ta'aziyya ta mai rai ce. Zaman makoki a bencin mai shayi ne na bakin tasha. Ana roƙon masu zuwa kada su zo da batir, lokacinsa ya wuce, kada kuma wani ya ce akwai wasannin da suka fi ta a waya, an sani.

Kafin a mayar da ƙasa, Armaya'u zai yi fiton kiɗan zango na uku gwargwadon abin da ya rage masa. Muna roƙon jama'a kada a tafa, kada kuma a ce masa daidai ne don a faranta masa, tunda ba wanda ya taɓa jin kiɗan a cikinmu. Duk wanda ya san inda Bulus yake, a Safana ne ko Runka ko can kudu, don Allah ya isar masa da wannan sanarwa, ya kuma gaya masa ana nemansa da gaggawa. Akwai wani wuri a tsakiyar kiɗan da Armaya'u ya kasa tunawa ko hawa yake yi ko sauka, kuma ba shi da wanda zai tambaya.