Ranar da Na Nome Binciken Jami'a

Ni mutum ne mai son tsari. Shi ya sa da Malama Hadiza, sabuwar malamar jami'a, ta ba ni gadin filin da ta killace a Kebbe, na riƙe aikin hannu bibbiyu. Ɗalibanta za su zo su auna ciyawar da ke tsirowa inda shanu ba su shiga. Ta yi mini wannan bayani, amma hankalina na kan albashi.

Da lokacin kaka ya yi, sai Malama ta bugo waya: "Baba, gobe muna tafe da Farfesa, mai koya mini aiki. A gyara wurin."

Murna ta kama ni. Da farko na wasa fartanya. Daga nan na nome filin tas, na ɗaure ciyawar na kai wa shanun maƙwabcina. A ƙarshe na share, na yayyafa ruwa, na sa babbar riga na tsaya a ƙofa.

Mota ta iso daga Tambuwal. Ɗalibai suka sauko da igiyar awo, suka yi cirko-cirko. Malama ta dafe kai.

"Baba, ina ciyawata? Shingen filin da ya faɗi nake nufin ka gyara!"

"Gyara kinka ce, ɗiyata. Duba, ko tsinke babu."

Farfesa ya yi dariya har hularsa ta faɗi. Ya ce awo sai wata damina.

Har yau in na ratsa kasuwa, 'yan kabu-kabu sai su ɗaga murya: "Sarkin Noman Jami'a, yau ina za a gyara?"