Ranar da injina ya yi rubutu a baibai

Abin da ba zan taɓa mantawa da shi ba, ko da tsufa ya cinye mini sauran tunani, shi ne ranar da na ɗauki injina daga Parakou zuwa Djougou don in burge surukina. (A lokacin bai zama surukina ba tukuna. Saura ƙiris ma ya ƙi zama.)

Ni malamin lakwal ne, wato makarantar boko, lissafi nake koyarwa, amma zuciyata tana wajen ƙere-ƙere. Na ɗauki lokaci mai tsawo ina harhaɗa wani ɗan injin sassaƙa da ake kira CNC. Za ka zana abu a kwamfuta, shi kuma ya sassaƙa maka a katako. Motoci uku ƙanana ke tura kansa (ba na hawa ba, moteur nake nufi): ɗaya hagu da dama, ɗaya gaba da baya, ɗaya sama da ƙasa. Sai abin da ke juya haƙorin yanka, wanda da Faransanci ake ce wa broche, ni kuwa na raɗa masa mazari.

Saita waɗannan motoci ya kusa haukata ni. In ka ba su gudu da yawa, su tsaya cak suna kuka kamar akuyar da aka ɗaure a rana. In ka rage, su yi ta jan jiki. Na umarci inji ya zana da'ira, ya ba ni ƙwai. Na gyara, ya ba ni mangwaro. Da ƙyar na kai ga ranar da da'ira ta fito da'ira, kuma daga ranar na fara tafiya a kasuwar Arzèkè kamar ni na ƙera jirgin sama.

To, akwai Ramatu, wadda nake nema da aure. Mahaifinta Alhaji Mamudu babban ɗan kasuwar goro ne a Djougou, jikan fatake, mutum mai ƙarancin magana. Da aka gaya masa ina da inji, abin da ya ce kawai shi ne, "Na niƙa ne?" Wannan tambaya ta tsaya mini a rai. Don haka da na ji zai buɗe sabon butik, wato kanti, na aika masa cewa ni zan sassaƙa allon suna mai cewa "Alhaji Mamudu, goro en gros" (wato goro a sari), kuma a gabansa, ranar walimar buɗewa.

Na naɗe inji da bargo na sa a bayan taksi, tsakanin buhun doya da kaji. Kafin mu isa, girgizar hanya ta zare wayoyin motar hagu-da-dama. Na mayar da su cikin gaggawa a tsakar gidan Alhaji, mutane na kallona, ina ta cewa "c'est rien, c'est rien", wato ba komai. Duk mai wannan sana'a ya san in ka sauya wayoyi biyu, motar baya za ta yi. Ni ma na sani. Kuma duk mai hankali yakan sa inji ya fara yin tafiyarsa a iska, bai taɓa katako ba, a ga inda ya dosa. Amma ina! Na hango Ramatu a bakin zaure tana leƙe, gwaji kuma sai ya yi mini kama da tsoro.

Sai ga Alhaji da wasu mutum biyu ɗauke da katako. Ba irin na kasuwa ba. Ɓangaren tsohuwar ƙofar gidan kakansa ne, baƙi, mai nauyi, bayansa cike da zanen mutanen da.

"Ɗana," ya ce, "wannan ƙofa ta ga ayarin goro ba iyaka. Ita nake so ta ɗauki sunana. Injin naka zai iya?"

"Baba, ai wannan ƙaramin aiki ne."

Ban tsaya nan ba. Don jama'a su ji ƙarfin abin, na murɗa mazari har ƙarshe, ya ɗauki ƙara kamar rundunar sauro. Na yi bisimilla na danna maɓalli.

Harafin farko ya fito tsaf: A. (Wannan harafi munafuki ne, ta kowane gefe ka dube shi kamarsa ɗaya.) Aka yi kabbara. Sai na ga kan inji, maimakon ya nufi dama, ya kama hanyar hagu. L ya fito yana kallon baya. Nan na gane na sauya wayoyin nan biyu.

Wani dattijo ya ce, "Masha Allah! Ku duba, daga dama yake farawa. Injin ya iya Larabci!"

Wuri ya ɗauki tafi. Maɓallin tsayarwa yana nan ja wur kusa da hannuna. Amma ta yaya mutum zai kashe injin da ake yi wa kabbara? Na tsaya ina murmushi, ina fatan ko wuta za ta ɗauke. Wutar da kullum take ɗaukewa, ranar ta yi alkawari ba za ta motsa ba. Ga mazari, saboda gudun da na ba shi, yana ƙona katako yana hayaƙi, kowane harafi na fitowa baƙi ƙirin, mai zurfi, yadda ko makaho zai shafa ya ji.

Da inji ya gama ya yi shiru, Alhaji ya juya wajen Alfa Sani, limamin unguwa.

"Alfa, karanta mana."

Alfa ya sa tabarau, ya sunkuya, ya karkata kai dama, ya karkata hagu. Ya daɗe. Can ya miƙe ya ce a natse, "Alhaji, na yi karatu gwargwado, amma wannan ba Larabci ba ne, ba ajami ba ne. Boko ma, in shi ne, to ya sha wahala a hanya."

Ana cikin haka, yayar Ramatu, Anti Salamatu, da ta ba mu baya tana gyara ɗaurin ɗankwali a ɗan madubinta, ta ƙwala ihu: "Wayyo! Ga shi nan! Alhaji Mamudu, goro en gros! A madubi yake fita!"

Shi ke nan. Madubi ya shiga yawo hannu zuwa hannu. Dattawa masu furfura suka yi layi, kowa ya juya wa allo baya, ya leƙa, ya fashe da dariya. Wata tsohuwa ta zauna daɓas a ƙasa tana share hawaye. Aka tambaye ni ko a Parakou haka muke karatu. Wani ya ce a juya katakon a sake, Alhaji ya ce bayan nan zanen kakansa ne, ba mai taɓawa. Na duba bakin zaure, Ramatu ta ɓace. (Daga baya ta ce ɗaki ta shiga ta yi kuka. Yayarta ta ce ƙarya ne, dariya ta je ƙarasawa.)

Na tsaya a wurin kamar an dasa ni, har aka gaji. Na je gaban Alhaji na durƙusa.

"Baba, na ɓata maka ƙofar gado. Ka yafe mini."

Ya fasa goro, ya miƙo mini rabi. Ya tauna nasa a hankali kafin ya ce, "Na zaci za ka gudu. Mutumin da ya iya tsayawa aka yi masa wannan dariya, zai iya zaman aure. Turo magabatanka. Amma injin, a bar shi a Parakou."

Yau allon yana rataye a cikin butik, da madubi a bangon da ke fuskantarsa, kuma baƙi har hoto suke ɗauka. 'Ya'yanmu biyu da Ramatu, amma in na sauka a tashar Djougou, masu zem, wato 'yan acaɓa, ba su san ni da wani suna ba sai Malam Baibai.

Darasin da na koya bai da tsawo. Ka gwada a iska kafin ka taɓa katako. In kuwa ka ga aikinka ya kama hanyar da ba ita ba, ka kashe inji ko da ana yi maka kabbara, don masu tafin nan su ne za su karɓi madubi.