Motar Sadarwa Ta Sha Ruwa

Jama'a, ranar Laraba a kan rufin gida na yi hantsi, ni da maƙwabciyata Goggo Odile, mai shekara tamanin da ɗaya. Guguwa ta wuce cikin Louisiana, ruwa ya kai taga, ita kuma ranar wankin ƙodarta ce. In ta wuce ranar, sai dai wani labarin.

Na ɗaga waya sama kamar mai roƙon ruwa. Babu sabis, ko ɗigo.

Ta ce, "Ulysse, ina motar nan mai dogon ƙarfe da aka ce ko duniya ta tashi za ta ba mu sabis?"

Ina fa! Ai shugaban garinmu, Mai Girma Sarkin Almakashi, wanda bara ya yanka mata ƙyalle har da makaɗa, shi ya ce a ajiye ta a ƙofar ofishinsa don masu wucewa su gani. Ƙofar ofis kuwa nan ne kwarin garin, ko akuya ta sani. Yanzu kada ne ke gadinta. Kai, wannan basira, Allah ya ƙara!

Can sai ga jirgin ruwan 'yan kwana-kwana, cike da mutane. Na ce su kira asibiti. Shugabansu ya sunkuyar da kai, wai oba-obarsu ba ta jin ta motar asibiti, kowa da kamfanin da ya sayo masa. Raina ya ɓaci, har na faɗi abin da ba zan rubuta a jarida ba.

Wa ya fitar da mu? Alcide mai kamun jatan lande, da rediyon jirginsa mai tsatsa, wadda masunta ke zagin juna da ita kowace safiya. Ya hango mu, ya yi wa ƙaninsa magana da ita, ƙanin ya yi wa surukinsa, kafin azahar Goggo tana kan gadon asibiti. Da tsohuwar zuma ake magani.

Ranar Asabar na je duba ta, sai wayoyin ɗakin suka ɗau ƙara gaba ɗaya. Saƙon gargaɗin manya ne sai yanzu ya iso, bayan ruwa ya gama ɓarnarsa: ruwa na tafe, kowa ya bar gidansa yanzu.

Goggo ta laluba takalminta, ta ce, "Kama ni, ɗan nan, mu gudu. Kada mu ce ba su faɗa mana ba."