Atishawar Raƙumin Dawa

A wani daji da ke bayan duwatsu akwai wani rami mai zurfi inda ake haƙar farar ƙasa, a ƙona ta, a daka, manyan dawa su saya su shafe gidajensu. Ramin na Gadu ne. Masu aikin kuwa ƙananan dabbobi ne, su bushiya da kurege da gafiya, don su kaɗai ke iya shiga lungunansa. A cikinsu akwai wata bushiya mai suna Tasalla da mijinta Nomau, wanda yake kan turmi tun yana saurayi.

Ƙurar farar ƙasa nauyi gare ta. Ba ta tashi sama, kwanciya take yi a gindin rami kamar kunu a ƙwarya, daidai inda hancin bushiya yake. Kada a ce majalisar dajin ba ta damu ba, ta damu ƙwarai. Shekarun baya ta zauna, aka ci aka sha, aka kafa doka: a naɗa mai duba iska, duk ranar da ya yi atishawa a bakin aiki ƙura ta wuce iyaka ke nan, a rufe rami sai ta lafa. Da aka zo naɗi sai aka ce muƙami irin wannan sai mai kwarjini, wanda za a hango tun daga nesa. Aka naɗa Raƙumin Dawa.

Kowace safiya yakan zo ya tsaya a bakin rami, kansa can cikin rassan gawo, ya shaƙi iska mai sanyi, ya tsinki ganye, ya ce lafiya lau. Shi ba mugu ba ne, kuma bai taɓa yi wa kowa ƙarya ba. Wannan shi ya fi ƙona wa Tasalla rai.

Nomau ya fara tari da damina, kafin kaka yana tofar da jini. Har dunƙulewa ya daina iyawa, kuma kowa ya san bushiyar da ba ta dunƙulewa abincin mai wucewa ce. Kunkuru mai magani ya ce in ya huta da ƙura na ɗan lokaci ƙirjin zai iya komawa. Gadu kuwa ya ce duk wanda ya zauna gida alhali rami yana buɗe, ya kwashe iyalinsa ya bar masa ɗakinsa, don ɗakunan ma'aikata duk na Gadu ne. Saboda haka Tasalla ta nufi majalisa, jikinta fari fat, ko wanka ta ƙi yi.

Ɓauna ne shugaban zaman. Ta durƙusa ta gaida shi, sannan ta ce, "Ranka ya daɗe, ban zo neman sadaka ba, ban kuma ce a sauya doka ba. Dokarku ce, ku kuka yi ta. Mijina yana mutuwa a gindin rami, ana auna masa iska a kan bishiya. Abin da nake roƙo ɗaya ne, mai duba iska ya kawo hancinsa inda namu yake, ko sau ɗaya."

Gadu ya fara cewa wannan raini ne, amma Raƙumin Dawa ya ce shi bai ga laifin abin ba. Majalisa ta ɗunguma zuwa rami. Ya ware ƙafafu kamar zai sha ruwa, ya sunkuyo da dogon wuyan nan a hankali har hancinsa ya kusa taɓa turmin Nomau. Ja ɗaya ya yi. Atishawar da ya saki sai da ta kori tsuntsayen gawon duka, ya ɗago idanu jawur, hawaye na zuba. Tasalla ta kama hannun mijinta ta ce ya taso, an rufe rami. Farin cikin da ta ji a lokacin ba ya faɗuwa.

Sai Dila, masanin dokar majalisa, ya gyara murya ya ce, "Ranka ya daɗe, a yi hattara. Doka ta ce atishawa a bakin aiki, kuma aikin mai duba iska a tsaye aka san shi. Wadda aka yi a sunkuye ba ta hukuma ba ce. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne, yanzu a gaban idonmu aka jefa babban ma'aikaci cikin haɗari. Dubi idanunsa. In muka bari haka ta sake faruwa, me za a ce da mu?"

Majalisa ta girgiza da tausayi. Nan take aka hana mai duba iska sunkuyawa har abada, aka ba shi hutun wata guda ya yi jinya, aka kuma umarci ma'aikatan rami su tara masa dandamalin ƙasa ya riƙa tsayawa a kai, don kada ƙura ta sake kai masa. Tasalla ta buɗe baki, Ɓauna ya ce an tashi.

Ita da Nomau suna cikin waɗanda suka ɗebi ƙasar dandamalin. Shi bai ga ƙarshen ginin ba. Ranar da aka binne shi rami a buɗe yake, don haka Tasalla ta koma kan turminsa kafin la'asar, saboda yara suna buƙatar ɗaki.

Har yau ana yabon ramin nan a dajin, ana cewa babu wurin aiki mai tsabtar iska kamarsa. Tari kuwa, da ma doka ba ta ambace shi ba.