Bijimin da Na Saya ta Waya

Tun ranar da na zuba jari a wata manhajar sayar da shanu ta waya, ban ƙara barin kowa ya sha shayi cikin salama a unguwarmu Didawure ba. Kullum huɗubata ɗaya ce: kasuwa ta koma cikin waya, zuwa kara ya zama aikin mutanen da.

Wata rana taubashina Isufu ya ce, "Alhaji, surutu ya isa. Sayi naka mu gani."

Nan take, a gabansu, na zaɓi wani bijimi daga garin Dapaong. A hoto ya cika fuskar wayar, ƙirjinsa kamar ƙofar zaure. Na biya, na kuma yi shelar cewa shi za a ci a walimar sunan ɗana. Har wurin tsayuwar babbar mota na sa aka share a ƙofar gida.

Ranar isowarsa unguwa ta taru. Sai ga mai babur daga tasha, da ɗan maraƙi ɗaure a bayansa yana kukan uwarsa.

Na kira mai shi ina huci. Ya ce, "Wallahi shi ne, Alhaji. Kwanciya na yi a ƙasa na ɗauki hoton."

Isufu ya zagaya maraƙin a natse, ya ce, "A yi haƙuri, jama'a. Rezo ne, netwok ɗin wayar, ba ƙarfi, rabinsa ne ya sauka."

Maraƙin nan ya girma, har ya yi tozo. Amma har yau limamin unguwarmu ma, in ya wuce, sai ya leƙo ya ce, "Alhaji, ya gama sauka kuwa?"