Firjin Farfesa Zan-Faɗa

Ranar da aka yi rabon ilimi, kowa da ɗan kwanonsa ya je, amma Mataimakin Manajan wani kamfanin motocin haya da buhu ya tafi. Shi ya sa ma'aikatansa ke kiransa Farfesa, duk da babu jami'ar da ta san da zamansa. Tarihi ne, labarin ƙasa ne, kimiyya ce, zane-zane ne, wasanni ne, duk ya haɗiye su ba tare da ruwa ba. Tunda yake, ba a taɓa jin ya ba da amsar da ba daidai ba. Ina jarumin da zai iya wannan bugun ƙirji?

Ga yadda baiwar take aiki. Duk lokacin hutun rana, ma'aikata kan taru a ɗakin cin abinci su kalli maimaicin gasar kacici-kacici a talabijin. Kujerar gaba ta Farfesa ce, ko ba ya nan ba mai taɓa ta. Da zarar an jefo tambaya sai ya lumshe ido, ya ɗora yatsa a goshi, ya ja wani dogon "Mmmm" kamar injin da ke ɗumama. Zai ci gaba da ja har sai Akanta ko Sakatariya sun yi ƙunƙunin amsar daga baya, ko mai gabatarwa ya faɗe ta da kansa. Nan take sai ya daki cinya.

"Abin da zan faɗa ke nan!"

To, wa zai ƙaryata? Ai ba a taɓa shiga cikin mutum an leƙa abin da zai faɗa ba. Wannan ta sa a bayan idonsa aka ƙara masa wutsiya, ya zama Farfesa Zan-Faɗa. Kada kuma a zarge shi da ƙarya, don wallahi shi ma ya yarda da kansa. Amsa na shiga ta kunnensa, sai ya ji kamar daga cikin ƙwaƙwalwarsa ta ɓullo. Abu ɗaya ke ɓata masa rai, shi ne rashin ladabin yaran zamani masu riga babba a baki.

"Ilimi," yakan ce yana goge tabarau da gefen tayensa, "ba gudun famfalaƙi ba ne. Mai ɗan kaɗan shi ke saurin fito da shi. Mu da namu ya yi yawa, sai mun tona kafin mu kai ga wanda ake nema."

Sai a amsa da "Haka ne, ranka ya daɗe," domin shi ke sa hannu a takardar hutu.

Ana haka gidan talabijin ya gayyaci kamfanin gasar, mutum uku, kai tsaye ba naɗi. Duk ƙungiyar da ta ci, kowane ɗaya a cikinta zai tafi gida da sabon firji mai ƙofa biyu. Farfesa ya yi wa kamfani gata ya naɗa kansa jagora. Ya ɗauki Akanta da Sakatariya, a cewarsa, don kada kujeru biyun su zauna babu kowa.

Da ya koma gida ya tsaya a kicin, hannu a ƙugu, yana hararar tsohon firjinsu. Ya tsufa, ba musu, ƙofarsa ma sai an tokare da gwiwa take rufuwa. Amma a cikinsa matarsa ke ajiye abincin yara, kuma da shi take yin ƙanƙarar da maƙwabta ke saya, wadda ita ce sana'arta kaf.

"Maman yara, kira ƙanwarki ta zo ta kwashe wannan tarkacen. Ba zai kwana ɗaki ɗaya da wanda ke tafe ba."

"Haba Baban yara, mu bari sabon ya shigo tukuna mana. Kada ganin hadari ya sa mu yi wanka da kashi."

Ya yi mata kallon tausayi irin wanda masana ke yi wa talakawan ilimi. "Ke kina ganin hadari, ni ina ganin ruwa a ƙasa. Tambayar da za ta kayar da ni ba a haifi mai rubuta ta ba."

Ƙanwar kuwa ba ta san wasa ba. Kafin ya gama cire takalmi ta iso da motar ɗaukar kaya da ƙarti biyu, tana ta zuba wa mijin yaya addu'a. Farfesa ya sa aka share kusurwar aka goge, ya auna ta da awo tsawo da faɗi, ya kuma aika a sanar da maƙwabta su zo gidansa kallo ran Asabar da rana. Matar ta bi motar da ido har ta sha kwana, ranta a ɓace.

Ran Asabar ya ci kwat da taye, ya fesa turaren da ya sa direba sauke gilashi. A cikin motar ne ya juyo ya fuskanci abokan tafiyarsa, ya sauke abin da ya daɗe yana ci masa rai.

"Shekara da shekaru kuna riga ni a baki. A ofis na haɗiye, saboda babba juji ne. Amma yau a gaban duniya ba zan lamunta ba. Duk wanda ya taɓa ƙararrawa ko ya motsa leɓe kafin ni, ran Litinin a gareji zai tsinci teburinsa, kusa da baƙin mai. Kun ji ko?"

"Mun ji, ranka ya daɗe."

Kai, baki shi ke yanka wuya!

Aka kunna fitilu, aka maƙala musu makirufo. Ga ma'aikatan wani kamfanin inshora a ɗaya teburin, ga 'yan kallo cike da zaure. Mai gabatarwa ya jefo ta farko: wane teku ne mafi girma a duniya?

Farfesa ya lumshe ido, ya ɗora yatsa a goshi, ya tayar da injinsa. "Mmmm." Kunnensa ya karkata da kansa wajen Akanta, kamar yadda ya saba. Shiru. Akanta ya ɗinke baki ya kafa wa silin ido, yana tuna warin baƙin mai. Can 'yan inshora suka danna ƙararrawa suka ce Pasifik.

"Abin da zan faɗa ke nan!" in ji Farfesa, ya daki cinya, makirufo ya kai maganar kowane gida.

Zauren ya ɗauki dariya. Ya ɗan rusuna musu, don a tunaninsa jinjina ce.

Aka tambayi ƙasar da babbar dalar Fir'auna take. Farfesa ya ja "Mmmm" har numfashinsa ya kusa ƙarewa, ya taka ƙafar Akanta ta ƙarƙashin tebur. Akanta ya ɗauka gargaɗi ne, ya sa tafin hannu ya toshe bakinsa gam. 'Yan inshora suka ce Masar. Aka tambayi launin da ake samu in an haɗa shuɗi da rawaya. Yatsan Sakatariya ya fara rarrafe wajen ƙararrawa, Farfesa ya yi gyaran murya don ya ƙarfafa mata gwiwa, baiwar Allah ta fizge hannu kamar ta taɓa wuta. 'Yan inshora suka ce kore. Kowace amsa kuma, Farfesa na biye da ita da dukan cinya, har cinyar ta fara zafi.

Yanzu fa gumi ya jiƙa kwalar rigarsa. Tsoro ya kama shi, tsoro na gaske, ga mamaki: yau ina amsoshin suka maƙale? Kusurwar kicin ta faɗo masa a rai, a share, a goge, babu komai. Da aka zo tambayar ƙarshe bai jira ya gama ji ba, ya kai wa ƙararrawa duka da hannu biyu.

"Madalla, Yallaɓai!" in ji mai gabatarwa. "'Yan wasa nawa kowace ƙungiya ke sawa a fili a wasan ƙwallon ƙafa?"

Farfesa ya miƙe tsaye, ya gyara taye. "Wannan tambaya ce mai zurfi. In muka dubi ƙwallo ta fuskar tarihi, sannan muka dube ta ta fuskar kimiyya, za mu ga cewa ita ƙwallo, da farko dai, zagayayya ce. Masana sun kasu gida-gida..."

Agogo ya buga. "Goma sha ɗaya," in ji mai gabatarwa.

Farfesa ya ɗaga hannu zai kai cinya. "Abin..."

"...da zan faɗa ke nan!" zauren gaba ɗaya ya ƙarasa masa, har da masu riƙe da kyamara. Yau ma dai an riga shi a baki.

Ya iso gida ya tarar maƙwabta sun watse, sai kujerun da aka jera musu da wata 'yar dariya da ke tsallakowa ta katanga. Ya nemi ƙanwar matarsa a waya, ta ce ai kyauta ba ta komawa gida, kuma ta riga ta cika firjin da kaya. Ya zube a kujera yana kallon kusurwar kicin. Matar ta kawo masa ruwa a kofi, ya kurɓa ya ji shi da ɗumi kamar na wanka. Ta tsaya a kansa, hannu a ƙugu, idonta jajir.

"Da an bari sabon ya shigo kafin a fitar da tsohon, da yanzu ruwan sanyi kake sha."

Farfesa ya lumshe ido, ya ɗora yatsa a goshi, ya daki cinyar da ta riga ta kumbura.

"Abin da zan faɗa ke nan."