Nutsewata a Ruwan da Bai Wuce Cibiya Ba

Ba zan taɓa mantawa da damina ta biyu da na yi a wani ƙauye na bakin dam ɗin Tiga ba. Ina malamin firamare a lokacin, saurayi, da kaftani biyu da baki guda wanda ya fi ƙarfina. Mutanen garin taso su aka yi sa'ad da ruwa ya cinye tsohon garinsu, suka koma kamun kifi da noman rani. Ni kuwa ɗan cikin Bebeji ne, ruwan da na saba da shi bai wuce na randa ba.

A shekarar ne wani ɗan kasuwa ya fara kawo bidiyo da janareto duk ranar kasuwa. Bayan la'asar sai a toshe tagogin wani zaure da tabarma, a cika maƙil. Wata rana ya zo da kaset ɗin wani tsohon fim na Turawa, labarin masunta ne da suka yi nisa cikin teku da jirginsu, suka cika shi da kifi, guguwa ta tare su a hanyar dawowa. Ana sakawa na gane shi, don na taɓa kallonsa a silima a Kano ina ɗalibi. Nan take na matsa gaba na naɗa kaina tafinta.

(Gara in faɗi gaskiya tun yanzu. Turawan nan ta hanci suke magana, kaset ɗin kuma ya sha jiki. Cikin kalma goma da ƙyar nake tsintar biyu. Sauran daga kaina nake cikowa, har sunaye na raɗa musu: shugaban jirgin Mai Gemu, mai dafa musu abinci Na-Allah.)

Masunta suka ƙaunaci fim ɗin, sai da aka maimaita shi kasuwa uku a jere. Da na tsaya a fassara da na tsira da mutuncina. Amma ana kashe janareto sai in gyara zama in fara bayanin kurakuran Mai Gemu: bai kamata ya ba igiyar ruwa gefe ba, da ni ne sai in fuskance ta. Da wani ya tambaye ni inda na san haka, sai na ji bakina ya ce ai na zauna a Legas, har na shiga teku da masunta. Ni da iyakata Zariya, ita ma rakiyar marar lafiya na yi.

Cikin masu saurarona akwai Baba Iro, dattijo marar yawan magana wanda duk masuntan garin ke jin maganarsa. Shi ne kuma mahaifin Hanne, yarinyar da nake nema, har an tsayar da Juma'ar da kawuna zai zo gaisuwa. Duk cika bakin nan domin shi nake yi. Bai taɓa tanka mini ba sai a kallo na uku, muna fitowa, ya ce, "Malam, gobe ba makaranta. Ka raka ni mu ɗago komar kifi, ka nuna mini yadda na Legas suke yi."

Na ce ai wannan ba komai, Baba.

Da safe na iso bakin ruwa da gogaggen kaftani da agogo, don na san mata na wanki a wurin kuma Hanne na cikinsu. Ina sa ƙafa a kwalekwale na gane ashe abin ba ya tsayawa wuri ɗaya. Na zauna na riƙe gefe da gefe. Baba Iro yana tuƙi yana nuna mini inda kasuwarsu take a da, da inda gidan mahaifinsa yake, duk a ƙarƙashinmu, ni kuwa ban da "Allah sarki" ba abin da nake iya cewa, shi ma da haƙora a cije. Ya ɗago komarsa, ya zuba karfasa da tarwaɗa a gabana suna ta tsalle a kan takalmina.

Mun juyo muna dawowa sai hadari ya haɗo daga gabas. Iska ta taso, ruwa ya fara marin kwalekwalen, ɗan kaɗan ya fantsamo mini a cinya. Shi ke nan. Duk abin da na gani a fim ɗin nan ya dawo mini, igiyar nan mai tsayin dutse, da Na-Allah yana ɓacewa da tukunyarsa. Na miƙe tsaye. Baba Iro ya ce in zauna, ya sake cewa in zauna. Na yi tsalle na rungume shi. Kwalekwale ya kife da mu da kifin da komai.

Ban san ina da murya irin wannan ba sai ranar. Na yi salati, na kira innata, ina dukan ruwa ina haɗiya, sannan na shiga tuba da babbar murya: "Ban iya ruwa ba! Ban taɓa zuwa Legas ba! Turancin ma ba ji nake ba, ƙirƙira nake yi!"

Sai na ji an riƙe mini wuyan riga. Na buɗe ido. Baba Iro ne a tsaye kusa da ni, a tsaye sosai, ɗaya hannun yana riƙe da kwalekwale, ruwa iya cibiyarsa.

"Malam, sauke ƙafarka," in ji shi. "Nan tsohuwar masussukarmu ce, tudu ne."

Na sauke. Na miƙe. Na fi shi tsawo ma, don haka ni ruwan bai kai mini nan ba. Kuma ashe murya tafiya take yi a kan ruwa. Matan nan duk sun bar wanki sun miƙe, ba kalmar da ta wuce su. Hanne ta rufe fuska da zanen da take matsewa, kafaɗunta suna rawa. (Har yau tana rantsuwa kuka take yi. Na san kuka, ba haka yake ba.) Da ƙafa muka ƙarasa gaɓa, ina ja masa kwalekwale, takalmi ɗaya, kifin yini guda ya koma inda ya fito.

Ran Litinin ina shiga aji 'yan aji biyar suka miƙe suka gaida ni da "Sannu da zuwa daga Legas, Malam." Na aika wa kawuna cewa kada ya wahalar da kansa, amma saƙon bai same shi ba, ya zo ranar Juma'a da goronsa. Ina rakuɓe a waje ina jiran a koro shi. Da ya fito sai ya ce mini Baba Iro ya ba ni Hanne. Wai ya ce yaron yana da ƙarya, amma ba ta da nisa, ana jiƙa shi yake amayar da ita, kuma irin wannan ana iya zama da shi. Sharaɗi ɗaya ya kafa, kada in ƙara taka masa kwalekwale.

Tun daga nan, in ana hira a kan abin da a talabijin kawai na gan shi, nakan yi shiru in bar masu sana'a su yi magana. In kuwa tsoro ya kama ni, kafin in fara tona wa kaina asiri a gaban surukai, sai na fara laluba ƙasa da ƙafa tukuna.